Wa Zai Gaji Mai Goge?

A ƙasarmu ta arewacin Kamaru, daga Ngaundere zuwa Garwa har Marwa, akwai sana'o'in da uba yakan yi alfahari ya ce ɗansa zai gada. Akwai kuma waɗanda yakan yi da hannunsa, amma ya roƙi Allah kada ɗansa ya taɓa su. Kiɗan goge yana cikin kashi na biyu. Mutane suna son muryarsa, in ana kaɗa shi a wurin biki har tsofaffi sukan gyaɗa kai, amma ka tambayi masu gyaɗa kan nan ko za su ba mai goge 'yarsu aure, sai ka ji shiru. Na daɗe ina juya wannan al'amari a zuciyata, gama aikina koyarwa ne, mai koyarwa kuwa ba ya rasa damuwa in ya ga wani sani yana shirin shiga kabari tare da mai shi. Abin da na gane shi ne, gwanintar hannu kaɗai ba ta isa ta ceci sana'a. Sai an sami mai yi, da mai koyarwa, da mai rubutawa, kamar yadda tukunya ba ta zama a murhu sai da duwatsu uku. Zan nuna haka da labarin wani gogen Turawa wanda shi ma ya sha raini kafin ya sami daraja.

Bari mu fara da namu, domin yaran yanzu da yawa ba su taɓa riƙe shi ba. Ana raba duma biyu a ɗauki kumbo ɗaya, a rufe bakinsa da fatar guza, a soka sanda ta ratsa shi. Tsirkiyarsa ɗaya ce, ta tsagiya, wato gashin wutsiyar doki da aka tara aka ɗaure, tana kuwa hawa kan wani ɗan itace da ake kira jaki. Abin gogawar, wanda ake ce wa izga, shi ma gashin doki ne a jikin ɗan baka. Kafin a fara kiɗa sai an shafa ƙaro a gashin domin ya kama, in kuwa da sanyi ko damina sai an ɗan gasa fatar a rana ko a gefen wuta, in ba haka ba muryar takan shaƙe. Fulanin ƙasarmu suna kiransa geegeeru. Ƙanensa shi ne kukuma, ƙarami mai siririyar murya. Tsirkiya ɗaya ce fa, amma gwani yakan fitar da magana daga cikinta, gama Hausa harshe ne mai hawa da sauka, gogen kuwa yana bin hawan da saukar har mai sauraro ya gane sunan da ake kira.

Turawa ma suna da dangin goge, su huɗu ne, daga ƙarami zuwa babba. Ƙaramin shi ne biyolin, wanda kowa ya fi sani. Mai bi masa shi ne biyola. Na fara ganinta ina makarantar firamare ta mishan, a hannun wata Baturiya mai aikin jinya wadda takan kaɗa mana ita ranar rufe makaranta. Abin da ya ba mu mamaki, mu yara, shi ne da ta ciro wani ɗan dunƙulen ƙaro ta shafa wa bakan, daidai yadda masu gogen unguwarmu suke yi, ta kuma gaya mana gashin na wutsiyar doki ne. Bambancin shi ne biyola da katako ake sassaƙa ta, tsirkiyoyinta huɗu, ana kuma ɗora ta a kafaɗa a maƙale da haɓa. Tsawon jikinta yakan kai santimita 40 ko fiye kaɗan, na biyolin kuwa wajen 35 ne. Muryarta ta fi ta biyolin kauri da duhu, kamar muryar dattijuwa kusa da ta budurwa.

Wannan murya ta tsakiya ita ce ta jawo mata raini. A babbar ƙungiyar makaɗan Turawa, biyolin ke ɗaukar waƙar da kowa yake ji, manyan goguna na ƙasa su riƙe gindi, biyola kuwa sai ta cike tsakani, ba mai lura da ita sai in ta yi shiru. Shekaru da yawa akan ba da ita ga wanda ya gwada biyolin ya kasa. Masu tsara kiɗa ba su cika rubuta mata nata na kanta ba, ko da yake manya irin su Mozart da Beethoven sun kaɗa ta da hannunsu. Ga wata shaida da za ta nuna girman rainin. An kafa babbar makarantar kiɗa ta birnin Paris a shekarar 1795, amma ba a buɗe ajin biyola da malaminta na musamman ba sai a 1894. Kusan shekara ɗari ke nan tana raɓe a ajin wasu.

Mutumin da ya fi kowa ɗaga kanta shi ne Lionel Tertis, wanda aka haifa a Ingila a 1876, ɗan baƙi Yahudawa da suka yi ƙaura daga ƙasar Folan, ba masu dukiya ba. Yana ɗalibi a makarantar kiɗa ta Landan, abokansa suka rasa mai biyola da zai cika su huɗu, sai ya ɗauka domin ya taimake su. Daga nan bai sake ajiye ta ba. Da yake ba gwanin da zai koya masa, shi ya koya wa kansa. Ya yi abu uku a rayuwarsa. Na fari, ya tsaya a gaban jama'a shi kaɗai yana kaɗa ta har aka yarda tana da abin faɗi, ya kuma dinga bin masu tsara kiɗa na ƙasarsa yana roƙonsu su rubuta mata sabon kiɗa. Na biyu, ya zama malaminta a makarantar da ya yi karatu, ya yaye almajirai waɗanda su ma suka yaye wasu. Na uku, sa'ad da ciwon hannu ya sa ya janye daga wasa a 1937, bai zauna yana baƙin ciki ba. Ya koma nazarin jikin biyolar, ya haɗa kai da masassaƙi suka fitar da wani sabon fasali mai faɗi wanda har yau ake kira da sunansa, ya kuma rubuta littattafai, na ƙarshensu ya fito a 1974. Ya rasu a 1975 yana da shekara 98. Tun daga 1980 ake yin gasar biyola ta duniya domin tunawa da shi.

Na biyunsa shi ne William Primrose, haifaffen Glasgow a 1904. Shi gwanin biyolin ne tun farko, ba kasawa ya yi ba, malaminsa ne ya ba shi shawara ya koma biyola. Ya yi suna a Amurka, har ya biya mashahurin mai tsara kiɗa Béla Bartók ya rubuta masa babban kiɗa. Bartók ya mutu a 1945 bai gama ba, wani abokinsa ya ƙarasa daga takardun da ya bari, Primrose ya kaɗa shi karo na fari a 1949. Ka lura da wannan, ya mai karatu: mutumin ya mutu, amma da yake ya bar takarda, kiɗan bai bi shi kabari ba. Daga baya kunnen Primrose ya sami matsala, zuciyarsa ma ta buga a 1963, sai ya ba da sauran ƙarfinsa ga koyarwa, a Amurka da Japan. Kafin ya rasu a 1982 ya zauna da wani almajirinsa, David Dalton, almajirin yana tambaya yana rubutawa, aka buga hirar ta zama littafi a 1988. Takardunsa da faya-fayensa suna ajiye a jami'ar da ya yi aikinsa na ƙarshe, a garin Provo. Amfanin wannan aiki ya kai har ga 'ya'yan Afirka, gama a 1993 wata yarinya mai suna Nokuthula Ngwenyama, wadda ubanta mutumin Zimbabuwe ne, ta ci gasar da ake yi da sunan Primrose.

To, mu dawo gida. Mu ba mu rasa gwanaye ba. Duk wanda ya girma yana jin gidajen rediyon Kaduna da Garwa ya san sunan Garba Liyo da Audu Yaron Goge. A wajen kukuma akwai Ibrahim Na Habu, da Ali Makaho, da Ahmadu Doka, da Hassan Wayam. A fadojin lamiɓe na ƙasarmu akwai makaɗa da maroƙa waɗanda Fulani suke kira wambaaɓe, da yawansu kuwa asalinsu Hausawa ne ko Barebari. Dutsen murhu na fari yana nan daram. Na biyun ma ba a rasa shi ba a dā, sai dai ba a aji ake yi ba. Yaro yakan bi ubangidansa shekara da shekaru, ya fara da ɗaukar kaya, sa'an nan kiɗan ƙwarya da amshi, sa'an nan gyaran fata da ɗaurin tsagiya. Kunnensa yakan cika da kiɗan tun hannunsa bai taɓa izga ba. Ran da ubangidan ya gaji a tsakiyar biki ya miƙa masa gogen, ran nan ce jarrabawarsa, jama'a kuwa su ne alƙalai.

Dutse na uku ne muka bar wa baƙi. A 1971 wani Ba'amurke, David Ames, da wani Bature ɗan Ingila, Anthony King, suka buga littafin da ya tara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu. Wani Bajamushe, Veit Erlmann, ya zauna a wajen Marwa yana nazarin maroƙan Fulanin Diyamare, littafinsa ya fito a 1980 da Jamusanci. Wata baƙar fata 'yar Amurka, Jacqueline DjeDje, ta rubuta digirinta na dakta a 1978 a kan gogen Hausawa da na Dagombawa, a 2008 kuma ta fitar da babban littafi a kan goge a wurin Fulani da Hausawa da Dagombawa. Muna gode musu, gama da ba su yi ba da abubuwa da yawa sun ɓace. Amma mai gogen Garwa ba ya jin Turanci balle Jamusanci, ɗansa ma da ya yi makaranta Faransanci ya koya. A Hausa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano ya yi babban aiki wajen tara tarihin makaɗa da mawaƙa da waƙoƙinsu. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Kano da nisa daga bakin Binuwai.

Kada wani ya ce haɗa goge da makaranta abu ne na Turawa kawai. A arewacin Gana, wurin Dagombawa, wannan goge ɗin dai, wanda suke kira gondze, kayan fada ne. Labarinsu ya ce daga ƙasar Gurma ya zo musu a ƙarni na 18, shugaban masu kaɗa shi kuwa yana da sarauta a fadar Yendi, ana kiransa Yamba-Naa. Suna riƙe da tarihin sarakuna a cikin waƙoƙinsu, wasu baitocin ma da Hausa ne. Sa'ad da Farfesa Kwabena Nketia yake shugabancin Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Gana, akan ɗauki gwanayen gargajiya aiki su koyar. Ɗaya daga cikinsu shi ne Salisu Mahama, mai gondze ɗan gado. Ya yi wasa, ya koya wa ɗalibai na gida da na waje, ya kuma zauna da masu bincike yana bayyana musu ma'anar waƙoƙi da asalinsu. A wurinsa ne ita DjeDje ta koyi kiɗan a shekarun 1970. Duma ɗaya, fata ɗaya, gashin doki ɗaya, amma can yana zaune kusa da sarki da farfesa, nan kuwa yana bakin ƙofa.

Akwai wani dattijo mai goge a wata unguwar Hausawa ta Garwa wanda nakan ziyarta in na fito daga aiki. Wata rana na ce masa, "Baba, cikin yaran da ka riƙe, wa zai karɓi gogen nan?"

Ya ce, "Malam, uku na riƙe. Ɗaya yana haya da babur, ɗaya yana kamfanin auduga, na ukun shi ne mai kunne a cikinsu, ya koma fiyano ta lantarki. Ban ga laifinsa ba. Mu in za mu je biki mu biyar ne, da masu ƙwarya da 'yan amshi. Shi kuwa shi kaɗai ne da akwatinsa, mai biki ya biya mutum ɗaya ya huta."

Na ce, "To, abin da ke kanka fa, Baba?"

Maimakon ya amsa, sai ya jawo gogen ya shafa ƙaro. Ya kaɗa mini taken mahauta, da na maƙera, da na mafarauta, da na wasu fataken goro da suka zauna a garin tun kakanninmu. Kowanne ya faɗa mini wanda ya koya masa, da wanda ya koya wa wancan. Sa'an nan ya ajiye ya ce, "Ku masu boko kun rubuta sunan kowane yaron da ya taɓa buga wa Coton Sport ƙwallo. Ni kuwa ubangidana ya yi shekara arba'in yana kiɗa a garin nan, in na mutu ba sauran mai tuna sunansa." Bai faɗa da fushi ba, yana dariya ma ya faɗa.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma ba zan ɓoye shi ba. Goge ya yi kaurin suna ne saboda wuraren da ake jinsa: wurin bori, inda kowane iska yake da nasa take, da gidajen giya, da gidajen mata masu zaman kansu. Malaman Musulunci sun daɗe suna ƙyamarsa saboda haka, ikilisiyoyinmu ma ba su buɗe masa ƙofa ba, gama waɗanda suka baro tsafi ba su so su sake jin muryar da take tuna musu da shi. Ina girmama wannan dalili, ba ni kuwa roƙon kowa ya koma gidan jiya. Amma ganga ma an kaɗa ta a wurin tsafi, ga ta yau a hannun matasanmu ran Lahadi, zumuntar mata kuma suna kiɗan tulu ba mai cewa uffan. Har in jama'a ba su shirya jin goge a ɗakin sujada ba, wannan bai hana a rubuta taken maƙera da na mahauta ba. Likita yakan rubuta tarihin dukan garin da ya yi aiki a ciki, da masu lafiya da marasa lafiya, domin na baya su sani.

Garwa kuwa ta riga ta ga amfanin irin wannan aiki. Eldridge Mohammadou, wanda aka haifa a garin nan a 1934, ya bi fadojin lamiɓe da na'urar ɗaukar magana yana zama da tsofaffi, ya rubuta tarihin Garwa da Marwa da Rai Buba da sauransu daga bakinsu. Ya rasu a Maiduguri a 2004, tsofaffin da ya yi hira da su sun riga shi tafiya, amma duk ɗalibin da yake son sanin asalin garuruwanmu a yau sai ya buɗe littattafansa. A kudu kuma akwai Francis Bebey na Duwala, ɗan fasto, wanda ya yi kiɗa a ƙasashen duniya, ya yi aiki a UNESCO, ya kuma rubuta littafi a kan kiɗan Afirka a 1969. Ashe ɗan Kamaru yana iya riƙe kayan kiɗa da alƙalami gaba ɗaya.

Wani zai ce ai yanzu kowa yana da waya, a ɗauki dattijon a bidiyo an gama. Ɗaukar tana da kyau, a fara da ita ma, amma ba ta isa ba. Bidiyon da ba a rubuta sunan take ba, da sunan mai shi, da lokacin da ake kaɗa shi, da ma'anar kalmomin, bayan shekara ashirin sai ya zama ƙara kawai. Waya kuma takan faɗa ruwa ko ɓarawo ya ɗauke. Bidiyo ba ya kama hannun yaro ya gyara masa yatsa. A cikin mawaƙan ikilisiyoyinmu akwai waɗanda suka iya rubuta waƙa da do, re, mi. Za su iya taimakawa, in sun tuna cewa muryar goge tana zamewa tsakanin waɗannan matakai, don haka dole rubutun ya tafi tare da sautin da aka ɗauka, da bayani cikin Hausa ko Fulatanci wanda jikan mai gogen zai iya karantawa.

Saura maganar koyarwa, ita ce mai wuya, gama tana bukatar kuɗi. Yaro ba zai bar babur ya zauna shekara biyar yana kiɗan ƙwarya da yunwa ba, dattijo ma ba zai koyar da cikinsa wayam ba. Tertis da Primrose da Salisu Mahama duk albashi suka ci a kan koyarwarsu. An kafa Jami'ar Garwa a 2022, tana da sashen koyon fasaha, ga ta Marwa tun 2008, ga ta Ngaundere. Ba abin kunya ba ne jami'a ta ɗauki mutumin da bai yi aji ɗaya ba ta kira shi malam, in a fanninsa ba wanda ya kai shi. Kafin manya su yi nasu, mu ƙanana muna da azuzuwan da suke zama a rufe da yamma, muna da yara masu kunne, muna da littafin rubutu na dala kaɗan. Iyaye goma in sun haɗa abin da za a sallami dattijo ɗaya kowane mako, aji ya kafu.

Saboda haka ina roƙon duk mai karanta wannan, ko a Garwa yake, ko Gidar, ko Yola, ko Mubi, ya tambaya a unguwarsu ko akwai sauran mai goge ko mai kukuma. In akwai, ka tafi da goro ka gaishe shi kamar yadda ake gaida malami. Ka fara rubuta sunansa, da sunan ubangidansa, da garin da ya koya, da sunayen taken da ya sani ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma tafi da yaro ɗaya ya zauna kusa, ya riƙe masa ƙaro.